Wata Goma a Ajin da Ba a Magana

Masu rubuto min cewa in daina ɗora wa mahaifiyata laifi, na ga saƙonninku, kuma yau zan ba ku gaskiyarku. Abin da zan faɗa ɗin nan ban taɓa faɗa wa kowa ba. In kun gama karantawa ku zage ni son ranku, ai na riga ku farawa.

Ga wanda yau ya fara leƙowa shafin nan, sunana Pyo Danbi, shekarata talatin da ɗaya, ina aiki a ofishin wani kamfanin haɗa sassan mota a birnin Changwon na Koriya ta Kudu. Shekara huɗu muna tare da Roh Giseok, injiniya a kamfanin namu, kafin a tura shi reshenmu na Monterrey a ƙasar Meziko, na shekara biyu. Ranar da na raka shi filin jirgi na yi kuka har hancina ya kumbura, shi kuwa yana ta shafa min kai yana cewa shekara biyu ai kamar gobe ne.

Yana cika shekara guda da tafiya aka manna sanarwa a ofis. Reshen Meziko na neman mutum ɗaya daga gida, wanda zai tsaya tsakanin manyanmu 'yan Koriya da ma'aikatan ƙasar. Sharaɗi biyu ne: takardar shaidar iya Sifaniyanci, harshen ƙasar, da intabiyu da manajar ma'aikata ta can. Na ɗauki hoton sanarwar.

Da yamma na kawo maganar a kan tebur. Sai aka yi rashin sa'a Imo, yayar Omma mahaifiyata, ta zo cin abinci.

"Meziko?" in ji Imo, ta ajiye cokali. "Wurin da ake kwana biyu a jirgi? Ke Danbi, yaron da na samo miki kemis ɗinsa nasa ne na kansa, gida kuma ya riga ya saya. Me kike nema a wurin namiji?"

"Imo, ko gashi ba shi da shi a ka."

"Gashi za ki dafa? Naki saurayin ma ki ba shi shekara biyar ki gani."

Appa, mahaifina, yana ta zare ƙayar kifi yana tura min tsokar a kwano. Omma ce ta yanke maganar, kuma ba ta ɗaga murya ba.

"Ba zan aurar da ke ki je ki zauna a ɗaki a ƙasar da ko gishiri ba ki iya tambaya ba. In aikinki ne ya kai ki, da hannuna zan haɗa miki kaya. In bai kai ki ba, za ki zauna da yaron da Imo ta kawo, kuma ki zauna da zuciya ɗaya. Kin yarda?"

Na ce na yarda. Ni da ban taɓa faɗuwa jarrabawa ba tun ina firamare, me zai hana ni yarda?

Washegari Giseok ya turo min lambar waya.

"Malama Ok ke nan, mai koyar da Sifaniyanci, a Busan take. Matar shugabana a wurinta ta koya, yanzu ita ke yi wa mijin ciniki a kasuwa. Can za ki je, kin ji? Wurin da za ki buɗe baki."

"To, Oppa," na rubuta, don haka muke kiran saurayi a wurinmu.

Ranar Asabar muka hau bas zuwa Busan ni da Omma, don ta ce ba a sayen takalmi daga shagon farko, sai mun ga makarantu biyu. Ta sa kwat ɗinta ruwan ƙasa da ba ta fito da shi sai biki ko asibiti.

Ta farko a unguwar Seomyeon take, bene mai hawa tara. Tun daga bakin titi ake hango ƙaton ƙyallen da aka sako daga sama, an jera sunayen waɗanda suka ci jarrabawa, kowa da makinsa. Shugaban makarantar ya tarbe mu da kwat toka-toka, ya miƙa wa Omma shayin sha'ir da hannu biyu.

"Mama, a nan ba ma wasa da lokacin 'ya'yan mutane. Jarrabawar nan mun san ta ciki da bai. Ko ɓangaren magana kada ya dame ki, muna da amsoshi arba'in. Ta haddace su kawai, ba abin da za a tambaye ta da ba ya ciki."

Ya leƙa da mu aji ta gilashin ƙofa. Mutum sun kai sittin, kowa kansa a ƙasa, ba ka jin komai sai ƙarar biro. Malamin na tsaye da lasifika yana bayanin Sifaniyanci da Koriyanci. Ba zan ɓoye muku ba, sai na ji wani sanyi a raina kamar na dawo gida.

Ajin Malama Ok kuwa sai da muka yi tambaya sau uku. A bayan kasuwa yake, saman shagon masu soya wainar kifi, matattakalar duk ƙaurin mai. Tun daga ƙasa muke jin hayaniya, har Omma ta ɗauka faɗa ake yi. Da muka tura ƙofa muka tarar da mutum takwas a tsaitsaye, wani ƙato ya ɗaga takalmi ƙafa ɗaya yana sayarwa, wata tsohuwa na taya masa da hannu da baki. A tsakiyarsu wata mata 'yar sittin da wani abu, gashi a rine ja, 'yan kunne kamar murfin kofi. Ita ce Malama Ok. Tana 'yar shekara shida iyayenta suka tafi da ita Paraguay sayar da tufafi, sai da ta yi jika ta dawo.

Ba ta tsaya gaisuwa ba. Ta kama hannuna ta jawo ni tsakiyar ɗakin, ta dafa ƙirjinta ta faɗi sunanta da Sifaniyanci, sannan ta nuna ni. Na san abin da zan ce, na koya a waya tun a cikin bas. Na buɗe baki, maganar ta fito a karkace, murya can ƙasa kamar ta ɗan tsako. Sai ɗakin ya ɗauki dariya da tafi.

"Ƙanwata, ai kin fi ni," in ji mai takalmin, wanda ashe mai walda ne. "Ni ranar farko gumi kawai na yi musu na tafi."

Ba dariyar mugunta ba ce, yanzu na sani, a lokacin ma na sani. Amma kunnuwana suka yi zafi, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Omma ta gama dube-duben bango ba ta ga ko takarda ɗaya a manne ba.

"Malama, mutum nawa suka ci jarrabawa a hannunki?"

"Ban ƙirga ba, Mama. Amma akwai wadda ta fita daga nan ta je ta yi faɗa da mai gidan haya a Lima ta ƙasar Peru, kuma ita ta yi nasara."

To ga abin da na ɓoye muku. A baya na bar ku kuna zaton Omma ce ta tura ni babbar makarantar saboda ƙyallen nan. Ba haka aka yi ba. A bas muna komawa ta ɓare lemo ta miƙo min rabi, ta ce, "Matar can dai kamar mai tallar magani a tasha. Amma ɗalibanta bakinsu a buɗe yake. Ke za ki yi karatun, ke za ki zaɓa."

Ni na zaɓa. Na zaɓi mai hawa tara domin can ba wanda zai kama hannuna ya jawo ni tsakiyar ɗaki. Shekara goma sha shida na yi a makaranta ban taɓa ɗaga hannu ba sai na tabbatar amsata daidai ce, haka aka rene mu, kuma haka na riƙa zuwa ta ɗaya. Na ce wa kaina in na ƙware tukuna sai in yi magana, ba wanda zai sake yi min dariya.

Da yamma saƙon Giseok ya shigo.

"Ya kika ga Malama Ok?"

Na daɗe ina kallon wayar. Sannan na rubuta, "Tana da kirki. Na yi rajista."

Kowace jimla gaskiya ce, haɗa su wuri ɗaya ne ƙarya. Ya turo min hoton zuciya uku, ni kuma na kifa wayar a kan gado.

Wata goma na yi ina zirga-zirga tsakanin Changwon da Busan, kwana uku bayan an tashi aiki, da yinin Asabar. Kuma na yi karatu, wannan kam ba wanda zai ƙwace min. Kalma dubu huɗu na haddace. Na manna takardu a madubin banɗaki, a ƙofar firij, har a bayan kujerar Appa, yana tashi suna bin rigarsa. A ajin ban san sunan wadda ke zama kusa da ni ba, ita ma ba ta san nawa ba. Amsoshi arba'in ɗin nan kuwa ko daga barci aka tashe ni sai in zuba su ba gargada.

Kowace Lahadi da safe muke kiran bidiyo, lokacin su can yammacin Asabar ne. Kullum sai ya roƙe ni.

"Ce min wani abu mana. Ko 'ina kwana' ne."

"Sai na ƙware, Oppa. So nake in ba ka mamaki."

"Ni fa ba mai ba da maki ba ne, Danbi."

Wata rana muna cikin hira wani maƙwabcinsa ya leƙo, suka yi magana da Sifaniyanci da sauri. Na ƙirga wa Giseok kuskure biyar a jimla uku. Mutumin kuwa ya gane shi sarai, har suka tafa suna dariya. Na ji haushi, ban kuma tsaya na tambayi kaina haushin me nake ji ba. In ya tambayi Malama Ok sai in ba shi labarin 'yan kunnenta, yau kore, wani satin masu gashin tsuntsu. Har na soma jin kamar da gaske na san matar.

Shi kuwa mai kemis, Bong Hakjun, bai taɓa damuna da waya ba. Omma yake bi. Wannan watan maganin gwiwa, wancan watan kwalin saiwar ginsin mai ƙara ƙarfin jiki, duk ta hannun Imo. Omma ta riƙa jera su a kan firij ba ta buɗewa, ba ta kuma mayarwa.

Ranar jarrabawa Omma ta hana a dafa miyar ganyen teku, wai santsinta na sa a zame a faɗi jarrabawa, ta cusa min alewa mai danƙo a jaka don sa'a ta manne min. Mai gwada magana ya yi min tambayoyi, duk suna cikin arba'in ɗin, na zuba masa. Da sakamako ya fito a watan Janairu na ci da maki mai yawa, sunana na biyar daga sama a ƙyallen makarantar. Omma ta sake sa kwat ɗinta ta je har Busan ta ɗauki hoto a ƙarƙashinsa. Ni kuma hoton takardar kawai na tura wa Giseok, don ita ba ta ɗauke da sunan makaranta.

"Kin gama min komai," ya rubuto. "Komai, Danbi."

Intabiyu ya faɗo ranar Laraba da ƙarfe takwas na safe. Na sa farar riga da baƙin siket, na ɗaure gashina tamau, na zauna ni kaɗai a ɗakin taro gaban ƙaton allo. Madam Treviño, manajar ma'aikatan, ta bayyana, mace mai jiki, tabarau da sarƙa a wuya, ranar yamma na haska tagar bayanta. Tambayar farko tana cikin arba'in, na amsa. Ta biyu ma haka. Ta ɗaga takardata ta gyaɗa kai, ta ce makina ya burge ta. Har na fara jin ƙamshin Meziko.

Sai ta cire tabarau ta ajiye.

"Mu bar takarda," ta ce a hankali. "Ni ma'aikaciya ce a layi na huɗu. An kira ni daga makaranta ɗana na zazzaɓi, shugaba ɗan ƙasarku ya ce ba mai fita sai an gama aikin yau. Na zo wurinki."

Nan take fuskarta ta sauya. Ta soma magana da sauri, murya na rawa, tana murza hannuwa, tana cewa yaron shekararsa biyar, ba kowa a gida, in ta fita za a kore ta, in taimake ta.

Abin da ya fi ci min rai shi ne na gane komai, ko kalma ɗaya ba ta wuce ni ba. Na kuma san abin da zan ce: zauna, sha ruwa, yanzu zan je in same shi. Magana uku, ko yaro zai iya. Amma sai na shiga jera su a kaina, ina gyarawa, ina sakewa, ina tsoron kada in faɗa a karkace. Harshena ya manne. Ina jin agogon bango yana tafiya.

"Ina jin ki, 'yata," ta ce.

Bakina ya buɗe da kansa. Abin da ya fito amsa ta goma sha bakwai ce, tsaf, ba kuskure ko ɗaya. Na gaya wa matar da ɗanta ke zazzaɓi cewa ni mutum ce mai haƙuri da son aiki tare da jama'a, kuma a lokacin hutuna ina sha'awar hawan dutse.

Madam Treviño ta saki hannuwanta. Ta mayar da tabaraunta, ta yi min godiya.

Ranar Juma'a aka ba wani mutum aikin. Omma ba ta yi faɗa ba, da ta yi ma da ya fi min sauƙi. Ta sauko da kwalin maganin gwiwa daga kan firij ta buɗe, ta haɗiyi biyu. Kafin magariba Imo ta bugo ta ce za a haɗa ni da mai kemis Lahadi da sha biyun rana, wurin shan kofi na wani otal a bakin ruwa. Giseok kuwa tun Laraba kalma biyu ya turo, "Na ji."

Duk da haka ban sare gaba ɗaya ba. Na ce wa kaina wa'adinsa na cika a watan Maris, saura mako biyar. Zan je in sha kofi da mai kemis don in cika alkawari, in ja ƙafa, in Giseok ya dawo ya durƙusa gaban Appa, Omma ba dutse ba ce. Da wannan na kwana biyu ina lallashin kaina.

Lahadi da ƙarfe tara kiransa ya shigo. Rigar da Omma ta goge min, ruwan hoda mai dogon hannu, tana rataye a ƙofar kabad, sai na juya wayar don kada ya gan ta. A cikin mota yake zaune, bai yi aski ba, bai kuma yi murmushi ba.

"Na kira Malama Ok," ya ce.

Na kau da ido daga allon.

"Faɗa na kira in yi mata, kin ji? Na ce ya za a yi ɗalibarta ta wata goma ta kasa ce wa mutum ya zauna. Ta ce, wace Danbi? Sai da na yi ta kwatance kafin ta tuna. Ta ce, wadda ta zo sau ɗaya da mamanta, ta faɗi sunanta ta yi jajir."

"Oppa, bari in yi maka bayani."

"Yi."

Ya zuba min ido yana jira. Da Koriyanci ne fa, harshen da aka haife ni a ciki, amma ba abin da ya fito.

"Faɗuwar ba ta dame ni ba," ya ce. "Kowa na faɗuwa. Wata goma kina ba ni labarin 'yan kunnenta, Danbi. Ni kuma ina dariya kamar wawa."

"Na ji kunya ne. Sun yi min dariya, na kasa komawa. Ka yafe min. Ai Maris ya kusa, in ka dawo zan je wurinta, kullum zan je, zan..."

Ya rufe ido ya jingina kansa da kujera. A nan na sha jinin jikina.

"Ranar da kika turo hoton takardar nan," ya ce, "washegari na shiga ofishin shugaba na sa hannu. Sun daɗe suna roƙona in ƙara wa'adi, ina cewa sai na ga yadda taki ta kasance. Shekara biyar na ƙara. Na kama gida mai ɗaki biyu. Labule ma na saya, ban san ko launin zai yi miki ba."

Ban yi kuka ba. Na zuba masa ido ina jira ya ce in zo haka nan, da aiki ko ba aiki, ya ce zai yi magana da Omma, ya ce wani abu. Na ga bakinsa ya motsa. Sai ya dubi gefe.

"Ana jirana," ya ce, allon ya yi baƙi.

Ban san tsawon zaman da na yi a bakin gado ba. Omma ce ta turo ƙofa ta ce sha ɗaya ta wuce. Ta sauko da rigar ta riƙe min na zura hannuwa, ta juya ni ta ja zif, ta ɗan shafa min hoda a ƙarƙashin ido ba tare da ta tambayi komai ba. Ta ɗaura min siririn agogonta na aure, ta gyara min wuyan rigar sau biyu duk da ba abin da ya same shi.

Wayata ta yi haske a kan gado. Saƙon murya daga Giseok, daƙiƙa goma sha huɗu. Na miƙa hannu, Omma ta riga ni. Ta dubi sunan, ta dube ni, ta buɗe jakarta ta jefa wayar ta rufe.

"Sai kun gama. Alkawari kika yi min."

Muka shiga lif. Tun daga hawa na sha huɗu ban ce komai ba, ina kallon jakar a ƙarƙashin hannunta. Mun kusa isa ƙasa ta kama yatsuna ta matse, irin matsewar da take min ina ƙarama in za a yi min allura.

"Kada shirun ya dame ki," ta ce. "Imo ta ce shi ma yaron ba mai magana ba ne. Za ku daidaita."